Asalin Mayaƙan Ƙwarangwal

Hausawan Gadarif, jikokin mahajjatan da suka baro ƙasar Hausa da niyyar ziyartar Ɗakin Allah, suka yada zango a gabashin Sudan har noman dawa da riɗi ya zaunar da su, sun taho da tatsuniyoyi cike da dodo da aljannu da fatalwa, amma babu ƙwarangwal mai takobi a cikinsu. Wannan baƙo ne, a wasannin wayar hannu 'ya'yansu suka gamu da shi.

Turai ce mahaifarsa. Bayan annobar da ta auka mata a 1347, wadda ta halaka kimanin sulusin jama'arta, masu zane suka shiga siffanta mutuwa da ƙasusuwa masu rawa, suna jan sarki da talaka zuwa kabari, har wajen 1562 mai zane Bruegel ya zana rundunarsu tana karkashe mutane. Wa'azi ake nufi a wancan zamani. Sinima ce ta mai da ƙwarangwal abokin dambe, yayin da mai haɗa dabarun fim Ray Harryhausen ya sa Sindbad ya gwabza da ƙwarangwal guda a fim ɗin 1958, alhali hikayar Sindbad ta Dare Dubu da Ɗaya ba ta san da shi ba. Sa'an nan a 1963 ya fito da guda bakwai a fim ɗin Jason, bayan ya shafe fiye da wata huɗu yana motsa 'yan gumaka hoto bayan hoto, haƙurin da lalle ya cancanci yabo. Wasan Dungeons & Dragons na 1974 ya mai da shi ƙaramin dakare, wasan Minecraft kuma ya ɗora masa baka da kibiya.

A ganina, dalilin da ya sa kakanninmu ba su ƙago irin wannan halitta ba shi ne alfarmar da shari'a ta bai wa mamaci, wanda ake gaggauta yi wa wanka da likkafani da salla a binne shi, har ma an haramta karya ƙashinsa, don haka idon jama'a bai saba da ƙasusuwa a sarari ba. A hikayoyin Turawa matsafi ne ke tayar da ƙashi tsirara ya bautar da shi. A wajenmu kuwa tashinsa hujja ce ta ƙiyama, kamar ƙissar da ke cikin Suratul Baƙara ta mutumin da Allah ya matar shekara 100, wanda mufassirai da dama suka ce Uzairu ne, aka raya shi, aka nuna masa ƙasusuwan jakinsa suna haɗuwa ana tufatar da su da nama.