Kamfanin Fiat na Kano: Ciniki da Naira, Sayayya da Dala

Da yammacin Alhamis, in ka tsaya bakin titi a Gagarawa, ba ka rasa abin kallo. Tun bayan la'asar tireloli ke gangarowa daga kasuwar Maigatari, shaƙe da shanu, ƙahoni sun leƙo ta saman bodi, 'yan rakiya zaune kan katakon da aka gitta, an nufi Gujungu, sai Kano, sai kudu. Da kaka kuwa buhunan riɗi da zoɓo ne. A da jirgin ƙasan Nguru ke kwasar kayan wannan yanki, da ya yi sanyi babbar mota ta gaje shi. Masu buƙatar gingimari ba su taɓa ƙarewa a nan ba. Shi ya sa labarin kamfanin haɗa manyan motoci na Kano, wanda ya durƙushe alhali kasuwa na nemansa, ya daɗe yana ci mini tuwo a ƙwarya.

Sunansa na takarda National Trucks Manufacturers, NTM a taƙaice, amma a bakin direbobi Fiyat ne kawai. An kafa shi a tsakiyar shekarun 1970, lokacin da kuɗin mai ya cika baitulmali har gwamnatin tarayya ta ga ya kamata a riƙa haɗa mota a gida. Aka yi rabo kamar na gado: Peugeot a Kaduna, Volkswagen a Legas, Leyland a Ibadan, Mercedes a Inugu, Steyr a Bauchi, Kano kuma ta samu Fiat ta Italiya, aka gina mata masana'anta a kan hanyar Zariya. 'Yan ƙasa, gwamnati a gaba, su ke da mafi yawan hannun jari. Turawa suka kawo zane da injina da ƙwararru. A 1975 ne ma Fiat ta haɗe sashenta na manyan motoci da wasu kamfanonin Turai aka samu Iveco.

Abin da ya fito daga ƙofar masana'antar bai ba da kunya ba. Akwai taraktocin noma, akwai kuma Fiat 682, motar da ba ta san gudu ba amma ba ta san gajiya ba. Wani ƙanin mahaifina ya yi shekaru yana jan irinta, mai bodin katako. Har yau ina tuna yadda yaron motarsa kan diro da wejin katako tun kafin ta gama tsayawa, da kuma baƙin hayaƙin da takan tofar in an tashe ta da asuba.

Matsalar tana cikin littafin lissafi, kuma tun ranar farko take can. Motar ba a Kano aka ƙera ta ba, a Kano aka ɗaura ta. Inji, giyabos, aksul, kan mota, duk a cikin akwatuna suke zuwa daga Turai, a sauke a tashar ruwa, a yi doguwar tafiya da su zuwa arewa. Kamfanin yana sayen kaya da kuɗin waje, yana sayar da mota da naira. A 1980, da naira ɗaya ta fi dala ɗaya da rabi, wannan ciniki ne mai daɗi. An yi alkawarin cewa sannu a hankali za a riƙa yin sassan a gida, to amma da wane ƙarfe? Masana'antar ƙarfe ta Ajaokuta da aka dogara da ita ba ta kammalu ba. Ga shi kuma babban mai saye shi ne gwamnati da ma'aikatunta, wato wanda aljihunsa ke cika da mai, ya kuma bushe da mai.

Farashin man ya faɗi, gwamnatin Shagari ta shigo da tsuke bakin aljihu a 1982, shigo da kaya ya koma sai da lasisi. Masana'antar da aka gina don ta fitar da dubban motoci ta koma zaman jiran akwati, alhali albashi da wuta da ruwan bashin banki ba sa jira. Sai 1986 ta zo da shirin SAP na Babangida da gwanjon kuɗin waje, kafin 1987 ta ƙare dala ta kai wajen naira huɗu. Farashin sabuwar mota ya fi ƙarfin ɗan kasuwar Gumel da na Kano baki ɗaya. A cikin waɗannan shekaru injinan NTM suka yi shiru, ma'aikata suka watse.

Abin da ya fi ba ni takaici shi ne inda ribar ta koma. A harkar babbar mota, sayarwa sau ɗaya ce, gyara da kayan gyara kuwa shekara ashirin ana ci. Manyan kamfanonin duniya da wannan suke rufe giɓi in ciniki ya ja baya. A nan kuwa 'yan kasuwar Ƙofar Ruwa da makanikan bakin titi ne suka ɗauki wannan kaso, kuma sun cancanta, don su suka raya motocin bayan mai haɗa su ya rufe ƙofa. Masu sufuri kuma suka juya ga tsofaffin DAF da MAN 'yan Beljiyam.

Bayan dawowar mulkin farar hula, hukumar sayar da kadarorin gwamnati, BPE, ta sa kamfanin a kasuwa, kuma a 2003 Art Engineering and Construction ya karɓi mafi yawan hannun jarin. Sababbin masu shi ba su koma Italiya ba, Sin suka nufa: manyan motocin Sinotruk da ƙananan Great Wall. An sake jin ƙarar aiki a hanyar Zariya, sai dai tsarin bai sauya ba, akwatin ne kawai ya canja tashar tasowa. Manufar motoci ta 2013 ta ɗora harajin kashi 35 cikin 100 kan manyan motocin da aka shigo da su a haɗe, masu haɗawa a gida suka ɗan numfasa, har Ɗangote ya buɗe tasa masana'antar Sinotruk a Legas. Dokar kuɗi ta 2020 ta sauko da harajin zuwa kashi 10. Da aka saki naira a Yunin 2023, dalar da ake saya ƙasa da naira 500 a farashin gwamnati ta haura 1,000 cikin 'yan watanni, kuma da ita ake biyan kowane akwati kafin ya bar tashar ruwan Sin.