Ruwan Ɗufana a Ma'aunin Tarihi

Kowane Bahaushe ya tashi da jin labarin ruwan ɗufana, amma fa ba mu kaɗai ne muke da irinsa ba. Girkawa suna da Dukaliyon, Indiyawa suna da Manu, mutanen tsohuwar Iraki kuwa suna da Utnafishtim, wanda George Smith ya karanto labarinsa a 1872 daga wani allon yumɓu na birnin Niniba. Kowannensu ya tsira cikin jirgi ko akwati. To, shin ruwa guda ne ya shafe duniya baki ɗaya?

A 1929 Leonard Woolley ya tono laka mai kaurin kimanin mita 3 a birnin Ur, ya ce ga shaida ta samu. Sai dai lakar da aka samu a Kish da Shuruppak ta wani zamani ce dabam, a Eridu kuwa, maƙwabciyar Ur, ba a ga irinta ba. Ke nan kogunan Dijla da Furat sun sha cin garuruwa.

Haka nan masana ba su sami shimfiɗar laka guda wadda ta game duniya ba. Abin da ya tabbata shi ne, bayan zamanin ƙanƙara teku ta hau kimanin mita 120, sannu a hankali cikin dubban shekaru.

Malamanmu ma sun saɓa kan ko ɗufana ta game duniya ne, ko kuwa ƙasar mutanen Annabi Nuhu, alaihis salam, kaɗai. A ganina, ambaliyoyi da dama ne suka haifi labaran sauran al'ummu, domin wanda ruwa ya ci garinsa da gonarsa, ai duniyarsa ce ta nutse.