Ƙidayar Wasiƙu da Albashin Masu Raba Su a Karkarar Amurka

Ranar 1 ga watan Oktoba na shekarar 1896, wasu mutane ƙalilan suka ɗaura wa dawakinsu sirdi a garuruwan Charles Town da Halltown da Uvilla, cikin jihar West Virginia ta Amurka, suka fita da jakunkunan wasiƙu zuwa gidajen manoma. Kafin wannan rana, mutumin birni kaɗai ake kai wa wasiƙa har ƙofar gida. Manomi kuwa sai ya bar gonarsa ya yi tattaki zuwa gidan waya, kamar dai yadda har yau ake zuwa buɗe akwati a Maraɗi ko Damagaram, wani lokaci ma ya tarar babu kome ya juyo. Ƙungiyoyin manoma sun daɗe suna kukan wannan bambanci, tun da kuɗin kan sarki ɗaya suke biya da mutanen birni. Gwaji ne aka soma, amma bai daɗe ba ya karɓu, har Majalisar Dokoki ta tabbatar da shi a 1902.

Tun daga farko matsalar da ta taso ita ce ta awo. Ma'aikacin da ke zaune cikin ofis, idon shugabansa na kansa, agogo kuma na rataye a bango. Wanda ya fita daji shi kaɗai da dokinsa fa, wa zai shaida awa nawa ya yi yana aiki, awa nawa kuma ya yi yana hira da manomi bisa shinge? Sai hukuma ta zaɓi abin da ba ya ƙarya, wato tsawon hanya. Aka ɗauki mil 24, kimanin kilomita 39, a matsayin cikakkiyar hanyar doki, wanda tasa ta gaza haka a rage masa. Doki da keke da abincin dabbar duk a wuyan ma'aikaci suke. Wannan nauyi na daga cikin abin da ya sa suka kafa ƙungiyarsu a 1903, wadda aka sani da NRLCA, a lokacin da umurnin Shugaba Theodore Roosevelt na 1902 ya hana ma'aikatan gwamnati kai kukan albashi gaban 'yan majalisa. Sai a 1912 doka ta ɗage wannan takunkumi.

Awon mil ya yi daidai da zamanin da kaya ba su da yawa. Amma a 1913 gidan waya ya soma ɗaukar ƙunshin kaya, manyan kantuna irin su Sears da Montgomery Ward suka riƙa aika wa manoma littattafan haja da hajar kanta. Daga baya mota ta maye gurbin doki, sannan bayan Yaƙin Duniya na Biyu birane suka kumbura suka haɗiye gonakin da ke kewaye da su. Sai ga mutum biyu da albashi kusan ɗaya, ɗaya yana tuƙi cikin fili yana tsayawa jefi-jefi, ɗayan yana da gajeriyar hanya mai ɗaruruwan akwatuna. A hankali aka koma ga wata dabara: a ƙidaya aikin da ke kan kowace hanya, a mai da shi mintoci, a biya mutum bisa mintocin da aka ƙiyasta, ko ya yi su ko bai yi ba.

Ga yadda abin yake tafiya a da. Ana ware makonni biyu zuwa huɗu, galibi a Fabrairu da Maris ko kuma a Satumba, ana ƙirga duk abin da ya bi ta hannun ma'aikaci: wasiƙu, jaridu da mujallu, ƙunshin kaya, takardun da sai an sa hannu, yawan akwatuna, tsawon hanya, har da takun da zai yi idan ya sauka daga mota. Kowane abu da ƙimarsa ta lokaci. Idan an tara, sai a ce wannan hanya ta awa 42 ce a mako, waccan ta 46, kuma a kan haka albashin shekara zai tsaya. Daga jimillar ne ake sanin ajin hanya: mai harafin K tana ba mai ita hutun kwana guda kowane mako ban da Lahadi, mai J kwana guda cikin mako biyu, mai H kuwa kwana shida cur ake yi. Ranar hutun, wani mataimaki ne ke riƙe hanyar, irin waɗanda kan shekara da shekaru suna jiran a tabbatar da su.

Tsarin yana da daɗinsa, kuma rashin adalci ne a ɓoye shi. Wanda hannunsa ya faɗa, ya san kowane gida da kowace kwana, yana iya gama aikin awa tara cikin awa shida ya koma gida da cikakken albashinsa, babu mai tambayarsa. Hukuma ma ta huta da sa ido da biyan kuɗin ƙarin lokaci. Saboda wannan 'yanci ne masu raba wasiƙun karkara suka daɗe suna kare tsarin, suna ganin kansu daban da takwarorinsu na birni da ake biya da awa, ƙungiyarsu ma ba ta shiga babbar haɗakar ƙwadago ta AFL-CIO ba. Sai dai a wancan lokacin abincin shekara guda ya rataya ga makonni biyu, kuma inda aka yi haka zargi ba ya ƙarewa. Ma'aikata sun sha cewa wasiƙu kan ɗauke ƙafa daidai lokacin ƙidaya su dawo bayanta, shugabanni kuma na zargin ma'aikata da ja wa aiki rai a waɗannan kwanaki. Kowane ɓangare na zaune da alƙalaminsa yana duban hannun ɗan'uwansa.

A watan Maris na 1970 masu raba wasiƙun birnin New York suka tsunduma yajin aikin da doka ba ta yarda da shi ba, ya bazu har ya kai ma'aikata wajen 200,000, Shugaba Nixon ya tura sojoji su rarraba wasiƙu. Dokar da ta biyo baya a watan Agusta ta sake fasalin gidan waya, ta ba ƙungiyoyi ikon zama su yi cinikin albashi. Yajin aiki ya ci gaba da zama haramun. Idan an kasa daidaitawa, sai a kai gaban mai raba gardama, kuma hukuncinsa ba a ɗaukaka shi. Ga mutanen karkara wannan yana da wata ma'ana ta musamman: ana iya ƙara musu kuɗin awa da hannun dama, a rage yawan awoyin da hannun hagu.

Haka kuwa aka yi a 2002. Mai raba gardama John Calhoun Wells ya ba da ƙarin albashi, amma ya canza ma'auni. Jera wasiƙu cikin kanta ya tashi daga 16 zuwa 18 a minti, jaridu da mujallu daga 8 zuwa 10. Lissafin ba shi da wuya: wanda, a misali, yake jera mujallu 4,000 a mako, da mintoci 500 ake rubuta masa, yanzu sun koma 400, alhali ko mujalla ɗaya ba ta ragu daga jakarsa ba. Ƙidayar da aka yi a farkon shekarar ta zo ne bayan harin Satumba na 2001 da wasiƙun da aka sa wa ƙwayar cutar antaras, lokacin da kasuwa ta yi sanyi. Da yawa suka wayi gari da ragin albashi, kuma fushinsu bai tsaya kan hukuma ba, ya haɗa da shugabannin ƙungiyarsu. A daidai wannan zamani ne intanet ya soma cin kasuwar wasiƙa: jimillar abin da gidan waya ya ɗauka ta kai ƙololuwa a 2006, wajen miliyar 213, daga nan ta riƙa sauka.

Da aka sake kasa daidaitawa, hukuncin Jack Clarke na 2012 ya ce a daina cinikin mintoci kamar ana taya akuya, a ba injiniyoyi su auna aikin tun daga tushe. Aka naɗa mutum uku, ɗaya na hukuma, ɗaya na ƙungiya, na uku shugaba. Abin da suka fitar shi ne RRECS, wanda ke ɗebo lissafi daga injinan tantance wasiƙu na tsawon makonni 52, da kuma na'urar hannu da ma'aikaci ke yawo da ita, wadda tauraron ɗan'adam ke bin sawunta. A takarda wannan ya fi ƙidayar mako biyu gaskiya nesa ba kusa ba. Amma aikin ya ci shekara goma sha ɗaya. Ƙidayar hannu ta ƙarshe a duk ƙasa an yi ta a 2018, don haka lokacin annobar Korona, da kayan Amazon da makamantansu suka cika motoci, mutane da yawa suka yi ta ɗaukar kayan 2020 da ma'aunin 2018. Shi ya sa suka sa rai sabon tsari zai rama musu.

A watan Mayu na 2023 aka soma aiki da shi, sai ga kusan kashi biyu bisa uku na hanyoyi an rage musu awoyi. Wasu sun yi asarar dubban dalar Amurka a shekara, wasu suka faɗo daga K zuwa J ko H, wato ƙarin ranar aiki da ragin kuɗi a lokaci guda, mataimakansu kuma suka rasa ranar da suke ci a ciki. Hukuma ta ce wasiƙu ne suka ragu, kuma akwai gaskiya a ciki. Amma wani ɓangare na lissafin ya dogara ga abin da ma'aikaci ya danna da yatsansa, lokacin loda mota, lokacin zuwa ƙofar gida, da kuma taswirar da ya zana wa kowane akwati a kwamfuta. Wanda ba a koya masa da kyau ba, aikin da ya yi bai danna ba ya tafi a banza. Abin da ya fi ciwo shi ne duhu. A tsohuwar ƙidaya, duk da aibinta, mutum na tsaye yana kallon ana ƙirga, yana iya cewa a sake. A sabuwar, takarda ce ke fitowa da adadi, ba shi da hanyar bin diddigin yadda aka samo shi cikin sauƙi. Sanatoci da dama, cikinsu har da Ron Wyden da Elizabeth Warren da Bernie Sanders, sun rubuta wa shugaban gidan waya na lokacin, Louis DeJoy, suna neman a dakata har a warware wannan.

Ƙungiyar NRLCA ta sami kanta a tsaka mai wuya, don da injiniyanta aka gina tsarin, ba ta da bakin cewa baƙo ne. Ta shigar da ƙorafe-ƙorafe kan ɓoye bayanai, ta buɗe hanyar da kowa zai ƙalubalanci adadinsa, amma wasu 'ya'yanta suka ga ihu ne bayan hari. Suka soma tara sa hannu don a tsige ta daga wakilci, wasunsu na hangen ƙungiyar Teamsters. Doka na bukatar kashi 30 cikin 100 na ma'aikatan da abin ya shafa kafin a kira ƙuri'a, su kuwa sun kai wajen 130,000, a warwatse cikin dubban ƙananan ofisoshi daga Maine zuwa Alaska, inda wani ofishin bai wuce mutum biyu ko uku ba. Nisan da ya sa tun 1896 aka kasa sa musu ido, shi ne ya hana su haɗa kai cikin lokaci. Ba a kai ga ƙuri'ar ba. A 2025 mambobi suka amince da sabuwar yarjejeniya wadda wa'adinta ya kai watan Mayu na 2027, kuma a ƙarƙashinta ana sake auna kowace hanya sau biyu a shekara.