"Ban Tari Numfashinka Ba"

Duk wanda ya taɓa zama a majalisar dattawa, a Kano ne ko a Damagaram, ya san wannan furuci. Mutum yana tsakiyar bayani, sai wani ya gyara zama ya ce, "Alhaji, ban tari numfashinka ba." Mai maganar sai ya dakata ya ce, "Bismillah."

Ga shi dai ya tari numfashin ƙuru-ƙuru, amma ya ce bai yi ba. Tarar abu ita ce ka sha gabansa kafin ya iso, yadda ake tarar baƙo a tasha. Numfashi kuwa a nan shi ne ɗan tsayawar da mai magana ke yi kafin ya ɗora. Wanda ya faɗo a wannan gurbi ya shiga hurumin wani. Shi ya sa ni ban ɗauki furucin ƙarya ba. Shaida ce yake bayarwa a gaban jama'a cewa har yanzu fagen na mai shi ne, aronsa kawai ya yi. Haka ma "ba katse maka hanzari na yi ba."

Shiga maganar wani ba suna ɗaya gare shi ba, kuma matsayin mai shigar ne ke raba sunayen. Sa baki abu ne da har roƙonsa ake yi: ma'aurata su saɓa, a je a ce, "Baba, don Allah ka sa baki." Tsoma baki kuwa ba wanda ya gayyace ka. Shisshigi ya fi shi muni, don ya zama hali. Katsalandan har ya koma bakin 'yan jarida, da shi suke kiran shigar wata ƙasa cikin harkokin wata.

Wajen ƙin yarda ma haka ne. Musu shi ne ka ce abin ba haka yake ba. In ya yi tsawo kowa ya kafe, ya zama gardama. Muhawara, wadda muka aro daga Larabci, ita ce mai hujja da tsari. "Ƙarya kake" kuwa ba ta cikin wannan sahu, zagi ce, tana iya raba zumuncin shekaru. Mai ladabi yakan fara miƙa wa abokin maganarsa haƙƙinsa: "Gaskiyarka, sai dai wani hanzari ba gudu ba." In ya ga fuska ta sauya, ya ƙara da cewa gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba.

A gaban na gaba, kalmar musu ɓacewa take yi ɗungurungum. Ɗalibi ya ji malaminsa ya yi tuntuɓen harshe, sai ya sunkuyar da kai ya ce, "Allah ya gafarta Malam, tuni nake." Wato Malam ya sani, mantawa ya yi. Wannan lafazi yana burge ni ƙwarai, domin an gyara kuskuren kuma girman Malam na nan yadda yake.

Sai dai a shirye-shiryen rediyo na muhawarar siyasa ana yawan cin amanar furucin. Baƙo ya ce bai tari numfashi ba, sannan ya riƙe magana har lokaci ya ƙare. Wannan katsalandan ne tsagwaronsa. Mai karatu, in ka ari fage, faɗi taka a taƙaice, sannan ka ce, "Ci gaba, ina jin ka."