Sunan Iskandari: Asalinsa da Shigowarsa Ƙasar Hausa

1.0 Gabatarwa

Duk wanda ya lizimci zaman tafsirin watan azumi a masallatan Mabera, ko wata unguwa ta Sakkwato, yakan ji an ambaci Iskandari idan aka iso ƙarshen Suratul Kahfi. Kaɗan ne daga cikin masu sauraro suka san cewa sunan ba na Larabci ba ne.

2.0 Asalin Sunan

Tushensa shi ne Aleksandros a Yunananci, haɗin kalmomi biyu: ta farko tana nufin karewa, ta biyu kuwa namiji, wato mai kare mazaje. Ya yi tashe ne albarkacin sarkin Makedoniya (356-323 kafin haihuwar Annabi Isa), almajirin Aristo, wanda ya kafa birnin Iskandariya a Masar cikin shekarar 331. Larabawa sun ɗauki gaɓar farko ta sunan a matsayin "al" ta ma'arifa, sai ya koma al-Iskandar. Daga nan aka sami Sikandar a Farisa da Indiya, da Iskender a wajen Turkawa.

3.0 Shigowarsa Ƙasar Hausa

Ta hanyar littattafai sunan ya iso hannun malaman Hausa, kuma da fuska biyu. Ta farko ita ce tafsiri: Jalalaini, wanda al-Mahalli (ya rasu 1459) ya fara, Suyuɗi (ya rasu 1505) ya kammala, ya kira Zulƙarnaini da sunan Iskandari. Ta biyu ita ce danganta malami ga birninsa, kamar Ibn Aɗa'illahi al-Iskandari (ya rasu 1309), mai littafin Hikam.

A nan ne ruɗani yake aukuwa. Ibn Kasir (ya rasu 1373) ya rarrabe tsakanin Zulƙarnaini, bawan Allah mumini, da sarkin Makedoniya mai bautar gumaka. Haɗuwar suna ba ta tabbatar da haɗuwar mutum.

Wajen raɗin suna kuwa, Hausawa Musulmi sun fi ɗaukar laƙabin da ya zo a Alƙur'ani, wato Zulƙarnaini, da wuya a ji Iskandari. Kiristoci su suka riƙe Alekzanda, wanda ya biyo Turawan mishan.

4.0 Kammalawa

Ke nan suna ɗaya ya shigo ta ƙofa biyu: ta Sahara da ta teku. Wajibi ne mai nazarin sunayen Hausa ya bi sawun kowane aro har tushensa, kada ya tsaya a Larabci.