Gyaɗar Kano, Kumburin Yara da Tsatsar Jiki

Tun daga 1912, sa'ad da jirgin ƙasa ya fara kwasar kaya daga Kano, manoman Dawakin Tofa da Minjibir da Gezawa, inda gona ke manne da gona, suka rungumi gyaɗa hannu bibbiyu. Ita ce kuɗin haraji, ita ce man miya da ƙuli-ƙulin yara. Ba a gane tana iya ɗaukar dafi ba sai bayan 1960, shekarar da talo-talo wajen dubu ɗari suka mutu a Ingila don cin tunkuzar gyaɗar Barazil. Dafin, watau afalatoksin, wata funfuna ce ke haifar da shi, kuma masanan Samaru sun nuna ta fi kama gyaɗar da ba ta bushe da wuri ba bayan tono.

Wannan ya ta da wata tsohuwar gardama ta likitoci. An daɗe ana ɗora kumburin yara, wanda Cicely Williams ta bayyana a Gana a 1933, a kan rashin abinci mai gina jiki kaɗai. To, amma don me yara biyu za su ci tuwo ɗaya, wannan ya rame, wancan ya kumbura? A 1982 Ralph Hendrickse, wanda ya taɓa koyarwa a Ibadan, ya sami afalatoksin a jinin masu kumburi a Sudan fiye da na sauran yara. A 1987 kuwa Golden da Ramdath, a Jamaika, suka ce dafi da cututtuka irin su ƙyanda suna ta da wasu sinadarai masu cin jiki kamar yadda tsatsa ke cin ƙarfe. Suna da hujja: gulutatayon, garkuwar jiki daga wannan tsatsa, in an auna shi a jinin masu kumburi, kaɗan ake samu.

Sai aka zaci a ƙara wa yaro garkuwa shi ke nan. An gwada a Malawi, aka buga sakamakon a 2005: yara 2,372, rabinsu suka sha bitamin E da selenium da wasu magungunan tsatsa har mako 20. A cikinsu 39 suka kumbura, alhali kuwa 23 ne kurum a cikin waɗanda aka ba garin da ba magani. Awon bai yi ƙarya ba. Alama ya nuna, aka yi gaggawar ɗaukarta tushen ciwo.

Dalar gyaɗa ta rushe bayan farin 1973 da annobar kuturtar gyaɗa ta 1975. Abin mamaki, da kwaɓaɓɓiyar gyaɗa, haɗe da madara da sukari, ake jinyar tamowa a asibitocin karkarar Kano, amma sai masana'anta ta auna afalatoksin ɗinta kafin a ƙulla ta a leda.