B.B. King da Jitarsa Lucille

Waɗanda suka yi zamanin garmaho da kaset a cikinmu za su tuna da wani baƙar fatan Amurka mai ƙaton jiki da ke rungumar jita yana rintse ido. Shi ne B.B. King, sarkin kiɗan bulus.

Sunansa na yanka Riley King. An haife shi ranar 16 ga Satumba, 1925, a wata gonar auduga kusa da Itta Bena a jihar Misisifi, inda baƙar fata ke noma ƙasar Bature a raba amfani, shekara ta ƙare da bashi a wuyansa. Mahaifiyarsa ta rasu yana ɗan yaro. Ya tsinci auduga, ya tuƙa tarakta, ya yi waƙa a coci, kafin ya nufi birnin Memfis ya sami aiki a gidan rediyon WDIA. A can aka laƙaba masa Blues Boy, aka taƙaita shi zuwa B.B.

A lokacin sanyin 1949 yana wasa a wani gidan rawa a ƙauyen Twist, jihar Arkansas. An kunna kananzir a cikin ganga don ɗumama ɗakin. Sai wasu maza biyu suka kaure da faɗa, suka ture gangar, wuta ta kama. Kowa ya yi ta kansa. Da ya fito waje ne ya tuna ya baro jitarsa, wadda kuɗinta bai wuce dala 30 ba, ya koma cikin wutar ya ɗauko ta. Mai kuɗi zai ce wauta ce. Ni dai a ganina, wanda duk ya san talauci ya san ba jita ya koma ɗauka ba, abincinsa ne. Daga baya ya ji cewa a kan wata mata mai suna Lucille aka yi faɗan. Tun daga ranar kowace jita ya riƙe sunanta ke nan, don ta riƙa tuna masa kada ya sake irin wannan kasada.

Ba ya yawan haɗa waƙa da kiɗa a lokaci guda. Sai ya rera baiti, ya yi shiru, Lucille ta amsa masa, kamar makaɗi da 'yan amshinsa. Yakan danne tsirkiya ɗaya ya karkaɗa yatsa har sautin ya yi kamar kuka. Eric Clapton da ɗimbin makaɗa sun koyi wannan daga gare shi.

Ya sha hanya ba kaɗan ba. A 1956 kaɗai ya yi wasa sau 342, a zamanin da otal-otal da yawa a kudancin Amurka ba sa saukar baƙar fata. Sai a ƙarshen shekarun 1960 Turawa suka fara cika wuraren wasansa, waƙarsa The Thrill Is Gone ta 1969 kuwa ta jawo masa kyautar Grammy. A 1970 ya yi wa fursunoni wasa a kurkukun Cook County na Shikago, a 1974 kuma ya zo Kinshasa bikin da aka shirya domin damben Muhammad Ali da George Foreman.

Ya rasu a Las Vegas ranar 14 ga Mayu, 2015, yana da shekara 89. An mai da gawarsa Misisifi, aka binne shi a harabar gidan tarihin da ke ɗauke da sunansa a Indianola.